Tirela ta matse ni a Kwangila, Inna ta ce in sayar da keken

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne, gidana yana Tudun Wadan Zariya, makarantar da nake koyarwa kuma tana wajen Palladan. Tun da aka cire tallafin mai kuɗin mota ya gagare ni, sai na gyara tsohon keken mahaifina nake zuwa aiki da shi. Cikin wata biyu abu uku ya same ni. A unguwar PZ mai adaidaita ya sha gabana ya taka birki zai ɗauki fasinja, da ƙyar na kauce. A Tudun Wada wani ya buɗe ƙofar motarsa ta goge min gwiwa. Na ukun shi ya fi muni. Mako biyu da suka wuce, bayan magariba, ina dawowa daga darasin yamma, a mahaɗar Kwangila na bi ta gefen dama na wata tirela da ke tafiya a hankali, sai kawai ta karya kwana ta yo kaina. Na faɗa bakin kwalbati, tayarta ta baya ta taka wilin gaba na keken, kaina ya bugu, na dafe ƙasa da hannun dama. Direban bai tsaya ba. Mai ɗori ya ce targaɗe ne ya ɗaure min, amma har yau gindin babban yatsana yana ciwo, ciwon kai kuma yana zuwa yana tafiya. Inna ta ce in sayar da keken. Abokaina sun ce ƙaddara ce in ci gaba da hawa, wani kuma ya ce in riƙa bin hannun da zan fuskanci motoci don in riƙa ganinsu. Ni kuwa yanzu da na ji ƙarar babbar mota sai gabana ya faɗi. Wani lokaci ina goya ɗana mai shekara biyar a kariya. In na bar keke, kusan rabin albashina zai tafi a kuɗin mota. Ina mafita?

Daga wani malamin makaranta, Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu, Allah ya ba ka lafiya, ya kiyaye gaba. Zancen keke ka kawo, amma keke zai jira tukuna, domin akwai abu biyu a wasiƙarka da ba sa jira: kanka da hannunka.

Ciwon kan da ke zuwa yana tafiya mako biyu bayan buguwa ba na barin wa fanadol ba ne. Galibi girgiza ce ƙwaƙwalwa ta yi, kuma hutu yana warware ta. Amma wani lokaci jini ne ke tsattsafowa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, mutum yana yawo yana harkokinsa, sai bayan makonni abin ya bayyana. Likita ne kaɗai zai iya bambancewa. Gobe ka tafi asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ka gaya musu ranar da ka faɗi da wurin da ya bugu. In kuwa kafin wayewar gari aka ga amai, ko barci mai nauyi da ba ka saba ba, ko gani bibbiyu, ko harshe ya yi nauyi, ko wani ɓarin jiki ya saki, to a daren za a kai ka. Ka faɗa wa uwargida waɗannan alamu tun yanzu, saboda wanda abin ya kama ba shi ke fara ganewa ba. Kada ka sha asfirin da danginsa kafin likita ya gan ka, suna hana jini daskarewa.

Hannun ma ina da shakka a kan cewa targaɗe ne kawai. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi a wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa, wanda shi ke yawan tsagewa idan mutum ya faɗi ya dafe ƙasa da tafin hannu. Jini ba ya isarsa sosai, don haka in ba a tsare shi yadda ya kamata ba yana iya ƙin haɗewa, hannu ya zauna da ciwo da rauni shekara da shekaru. Sau da yawa ma ba ya fitowa a hoton farko sai an sake ɗauka bayan kwana goma zuwa mako biyu, kai kuwa yanzu ka kai wannan lokacin. Ban raina masu ɗori ba, da yawansu gadon gidansu ne kuma sun taimaki jama'a. Sai dai yatsa ba ya ganin tsaga irin wannan, hoto ne ke gani. Kuma da wannan hannun kake riƙe alli, da shi kake matsa birki. Har sai likita ya sallame ka, kada ka hau keke ko zuwa masallacin unguwa ne.

To, ga ra'ayina kan abin da ka tambaya. Kada ka sayar da keken yanzu, kuma kada ka koma hawansa yadda kake hawa a da. Abokanka sun yi gaskiya da suka ce ƙaddara ce, ba mai jayayya da wannan. Inda na rabu da su shi ne da suka mayar da ƙaddara dalilin komawa kan abu ɗaya ba tare da duba ba. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, amsar da aka ba shi ita ce ya ɗaure ta sannan ya dogara. Abu uku cikin wata biyu ya isa mutum ya zauna ya tambayi kansa me ya haɗa su. Na karanta wasiƙarka na sake karantawa, kuma abin da na gani ya haɗa su shi ne wuri: duka ukun sun same ka ne a ɗan siririn lungun nan da ke tsakanin mota da bakin kwalta, inda mai keke ke raɓewa don yana jin nan ne ya fi tsira, alhali nan ne idon direba ba ya zuwa.

Kada ka ji kamar na ɗora maka laifi. Mai adaidaitan da ya sha gabanka ya yi laifi, wanda ya buɗe ƙofa bai waiwaya ba ya yi laifi, direban da ya karya kwana bai tabbatar da gefensa ba shi ma haka. Titi ba na masu inji kaɗai ba ne, kuma raini da ake yi wa mai keke a garin nan yana ci min rai. Amma gyaran waɗannan direbobi ba ya hannunka gobe da safe. Inda za ka sa tayarka shi ke hannunka.

Bari in daɗe a kan tirela, don ita ce ta kusa raba ka da iyalinka. Tun Afrilun 1972 ƙasar nan ta koma bin hannun dama, direba kuma yana zaune a hagu. Ka auna tsayin kan tirela, ka auna inda direban yake: can sama, can ɓangaren hagu. Gefen damansa, daga ƙasan ƙofar yaron mota har zuwa bayan tayoyin gaba, wuri ne da madubi ba ya nunawa sosai ko da madubin lafiyayye ne, balle wanda ya tsage ko ƙura ta rufe. Mai keke da ya shiga nan ya ɓace masa gaba ɗaya. Ina kyautata zaton direban da ya taka maka wili bai ma san ya taka komai ba, don mota mai ɗauke da tan talatin ba ta jin keke a ƙarƙashinta.

Sannan ga yadda doguwar mota ke shan kwana, wanda shi ne tarkon da ya kama ka. In za ta yi dama, sai ta fara buɗewa hagu don ta sami fili. Mai keke da ke bayanta sai ya ga hanya ta buɗe a dama, ga motar kuma tana jan jiki a hankali, sai ya ce bari in wuce. Yana shiga, kan motar ya karyo. Tayoyin baya kuwa ba sa bin sawun na gaba, yanke kwanar suke yi ta ciki, su share duk filin da ya gani ɗazu. A lokacin ba gaba ba baya, ga kwalbati a dama. Wannan ne ke kashe masu keke a manyan birane ko'ina a duniya, har a ƙasashen da direbobi ke bin doka sau da ƙafa. Saboda haka ka riƙe wannan ƙa'ida ba sassauci: ba ka bi ta daman tirela, ko tanka, ko tifa, ko doguwar bas, tana tafiya ko tana tsaye a cunkoso, ta ba da sigina ko ba ta ba ba. Ka tsaya a bayanta da tazara, inda in ka ɗaga kai za ka hango madubinta. In ba ka ganin madubin, direban ba ya ganinka. In kuma ita ce ta zo ta jera da kai kusa da mahaɗa, ka rage gudu ka bar ta ta wuce gaba ɗaya, ko ka sauka ka hau gefe.

Kwangila kuwa wuri ne da ni ba zan so ƙanena ya ratsa a kan sirdi ba, musamman da yamma. Babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta bi ta sama, ta Sakkwato da ke wucewa Samaru da Shika da Funtuwa ta bi ta ƙasa, manyan motoci suna sauka suna hawa, ga masu lodi, ga 'yan acaɓa, ga masu talla, kowa idonsa na kan fasinja ko ciniki. Ka sauka tun kafin gadar, ka tura kekenka tare da masu tafiya a ƙasa, ka tsallaka, sannan ka hau. Minti biyar zai ci maka. Babu abin kunya a ciki, dattawan da suka shekara talatin suna shigo da kaya gari a kan keke da yawansu haka suke yi a irin wannan wuri.

Ƙofar mota kuma lissafinta a fili yake. Motar da ta faka a gefen dama, ƙofar direbanta tana buɗewa ne cikin titi, daidai layin da kake bi, kuma tana cin kusan mita ɗaya. In ka raɓa jikin motocin da ke tsaye, ka miƙa wuyanka ga duk wanda ya gama waya ya tura ƙofa. Gogar gwiwa ka samu, an yi sa'a. Mafi muni shi ne ƙofar ta bugi kan keken ta wurga mutum hagu, gaban motar da ke tafe. Ka bar tazarar ƙofa guda tsakaninka da duk motar da ke tsaye, ka riƙa leƙa gilashin baya: in akwai kai a kujerar direba, ko fitilar birki tana kunne, ko tayar gaba ta juyo waje, to ka ɗauka yanzu za a buɗe ko za a fito.

Na san abin da za ka ce: in na matso cikin titi ai na baya za su yi ta danna min oda. Za su danna. Amma wanda ya danna maka oda ya gan ka ke nan, abin da muke nema kuwa shi ne a gan ka. A cikin gari inda gudu ba shi da yawa, kamar Tudun Wada da Agoro da PZ, ka riƙe layinka kamar mita ɗaya daga bakin kwalta, ka miƙe sak, kada ka riƙa shiga kana fita tsakanin motocin da suka faka. Bakin kwalta can ne yashi ke taruwa, can ne ramuka da fasassun kwalabe da kwalbatin da ba murfi suke, kuma wanda ya manne a can ba shi da inda zai kauce in abu ya taso. Inda titi ya buɗe motoci ke sheƙa gudu, hukuncin ya sauya: ka koma kafaɗar titi, ka bar musu kwalta. Babbar hanyar Kano da Kaduna kuwa ba ta keke ba ce, ko da gajeren zango ne.

Mai adaidaita da ɗan acaɓa da ƙaramar bas, idonsu ba ya kan titi kamar yadda yake kan bakin titi. Don haka kai ma ka riƙa kallon abin da suke kallo. In ka hango mutum tsaye yana ɗaga hannu, ka san adaidaitan da ke hagunka yanzu za ta yanko. Yatsunka biyu su zauna a kan birki duk lokacin da kake cikin kasuwa ko bakin tasha. Kafin ka kauce wa rami ko ka sauya layi, ka waiwaya ta kafaɗar hagu, ka miƙa hannu a gani. Waiwaye ba tare da keke ya karkace ba abu ne da ake koyo, ka gwada shi a filin makaranta har ya zauna maka. A mahaɗa kuma kada ka amince da sigina, ka nemi idon direba, ka dubi tayar gabansa, ita ba ta ɓoye inda za ta.

Abokinka da ya ce ka bi hannun da za ka fuskanci motoci, da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ka roƙe shi shi ma ya daina. Wannan ƙa'idar mai tafiya a ƙasa ce. Ka yi lissafin da kake koya wa ɗalibai: mota tana gudun kilomita 50 a awa, kai kana 15. In hanyarku ɗaya, bambancin 35 ne. In kun fuskanci juna, 65 ne, ƙarfin karon kuma ya ninka fiye da sau uku, lokacin da direba zai samu ya kauce ya ragu kusan rabi. Ƙari a kan haka, mai fitowa daga layi zai hau titi hagu yake dubawa, inda motoci ke zuwa. Kai kuma ta dama za ka ɓullo masa.

Yanzu lokaci. Ka ce bayan magariba abin ya faru, kuma ba ka ambaci fitila ba, sai na ɗauka babu. Tsakanin faɗuwar rana da isha shi ne mafi haɗari: haske ya dushe, wasu sun kunna fitila wasu ba su kunna ba, kowa na sauri ya isa gida. Mota mai gudun kilomita 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, wato direban da ya dubi wayarsa daƙiƙa biyu ya shafe mita 28 bai ga komai ba. Mai keke sanye da tufa mai duhu ba fitila, sai an zo kansa ake ganinsa. Ka sayi farar fitila ta gaba da ja ta baya, irin masu caji. Danamon tsohon keke, wanda juyawar taya ke sa shi kunna fitila, yana dushewa in ka rage gudu, ya mutu in ka tsaya, wato a mahaɗa, inda ka fi bukatarsa. Ka haɗa da rigar nan mai ƙyalli da ma'aikatan titi ke sawa, ka ɗaura ɗan ƙyalle mai ƙyalli a idon sawu, domin motsin ƙafa sama da ƙasa shi ke saurin gaya wa direba cewa keke ne a gabansa. In hazo ya sauka a Disamba da Janairu, da safe ma ka kunna. Mafi alheri dai ka nemi a matso da darasin yamman ka taso da sauran rana.

Shi kansa keken, tunda tirela ta taka wilinsa, sauya wili kaɗai bai isa ba. Ka sa mai gyara ya duba fok, wato ƙarfen da ke riƙe wilin gaba, da wuyan keken da mahaɗin ƙarafunan gaba, ko akwai lanƙwasa ko tsaga, don fok da ya tsage yana karyewa ne ba sallama. Ka gwada birki da kanka: ka tura keken ka matsa na gaba, tayar baya ta ɗaga, ka matsa na baya, taya ta ja ƙasa. Mutane da yawa suna kwance birkin gaba wai kada ya kifar da su, alhali shi ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayawa. A matsa su tare, a ja jiki baya a kan sirdi. Tsofaffin kekuna masu wilin ƙarfe kuma in ruwa ya jiƙa su birki ba ya kamawa sai taya ta juya sau da yawa, don haka da damina ka ninka tazara. Zariya garin layin dogo ne, duk inda dogo ya ratsa titi ka tsallake shi a miƙe, kada ka bi shi a karkace taya ta zame ko ta faɗa tsaginsa. Ka tattare bakin riga da ƙafar wando kada sarƙa ta kama, ka sa takalmi mai riƙe ƙafa, ka cire abin sauraro daga kunne.

Hular kwano ka saya, ka kuma ɗaure igiyarta. Ba za ta ceci kowa a ƙarƙashin tirela ba, amma irin faɗuwar da ka yi, kai ya bugi bakin kwalbati, don ita aka yi ta, kuma bincike da dama ya nuna tana rage raunin kai da kusan rabi. Za a yi maka dariya kwana biyu a unguwa, daga nan a saba.

Ɗanka kuwa, a nan ba ni da sassauci ko kaɗan. Kada ka sake goya shi a wannan hanya. Yaro ɗan shekara biyar barci na iya ɗaukarsa a kariya, ƙafarsa na iya shiga tsakanin wayoyin taya ta yage masa diddige, kuma da yana bayanka ran nan a Kwangila ba ka da hannun da za ka kare shi. Cikin layin unguwa, in ya zama dole, sai da wurin ɗora ƙafa da abin da ya rufe wayoyin tayar baya.

Faɗuwar gaban da kake ji ba ragwanta ba ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Sai dai tsoro mai yawa shi ma yana jawo haɗari, don yana sandarar da hannu, yana kuma tura mutum can bakin kwalta inda muka ce a bari. In likita ya ba ka dama, kada ka fara da hanyar aiki. Ka fara da safiyar Asabar ko Lahadi a layukan da ba mota, ka gwada birki da waiwaye da miƙa hannu. Bayan nan ka je Agoro ka dawo, wata rana PZ, a hankali har ka ji hannunka ya saki. Ka yi amfani da waɗannan ranaku ka nemo layukan ciki da za su rage maka babban titi, ko da sun ƙara nisa, ka tambayi masu gyaran keke na hanyar, sun san inda mahaya ke bi. In kuwa wata guda ya wuce kana mafarkin abin, ko barci ya ƙaurace, ko ko a cikin mota ba ka iya wuce Kwangila, ka gaya wa likita. Abu ne sananne kuma ana maganinsa.

Allah ya kiyaye, amma ka san wannan don kanka da wanda za ka tarar a hanya. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, kyauta ce. Wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, kada a ɗage shi a cusa a adaidaita a nannaɗe, a tallafe kai da wuya a miƙe. A ɗauki lambar mota ko da hoton waya ne, a sami shaida ɗaya ko biyu, a kai rahoto ga 'yan sanda. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa. Inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota don ta biya wanda aka yi wa ɓarna aka yi ta, kuma tun Janairun 2023 ta motar gida ta koma naira 15,000 a shekara, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Masu keke da yawa ba su san suna da wannan haƙƙi ba, sai a ba su haƙuri da kuɗin faci su tafi. Yafiya alheri ce, amma mutum ya san abin da yake yafewa. Rauni kuma in ya haɗu da ƙasa ko tsatsa, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a nemi allurar tetanus.

Ba kai kaɗai ba ne a wannan hali. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, malamai da ƙananan ma'aikata da ɗalibai da yawa sun kakkaɓe kekunan da aka jingine. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, wanda ke kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, bas ta ture shi cikin rami a Abuja yana kan kekensa zuwa aiki. An yi ta yi masa dariya, ni kuwa ina ganin kiran nasa daidai ne, titin ne ba a shirya wa keke ba. Garin da ke da jami'ar Ahmadu Bello da reshenta na Kongo da kwalejoji birjik, ga shi shimfiɗaɗɗe ba tudu mai wahala, ya cancanci a ware wa keke layinsa daga Samaru zuwa cikin gari. Ku malamai kuna da ƙungiya kuna da murya, ku riƙa faɗa.

Saura Inna. Kada ka je mata da lissafin albashi, ba kuɗi take ji ba, ɗanta take gani a ƙarƙashin mota, kuma ba ta yi kuskure ba. Ka fara zuwa asibiti, ka kawo mata sakamako. Sannan ka zauna ka gaya mata dalla-dalla yadda abin ya faru da abin da ka gano, ka nuna mata hula da fitila da riga. Ka yi mata alkawuran da za ta iya bibiya da idonta: ba hawa bayan magariba, ba ratsa Kwangila a kan keke, ba goyon jikanta. In ta fi natsuwa da rabin hanya, akwai wannan ma: ka hau keke zuwa PZ, ka ajiye shi wurin amintaccen mai shago, ka shiga mota ta tsallakar da kai Kwangila zuwa Palladan. Kuɗin mota ya ragu, wurin da ya fi haɗari kuma ya fita daga hanyarka. Ka sa uwargida a zaman, ita ma tana da haƙƙi a kanka, mai yiwuwa ta yi shiru ne don kada ta ƙara maka nauyi.

In duk da haka Inna ta ce a'a, ka bi maganarta, kada ka riƙa hawa a ɓoye. Ka roƙe ta dai ta bar ka ka jingine keken maimakon sayarwa, tunda na mahaifinka ne. Kafin hankalinta ya kwanta, ka nemi abokan aiki da ke bin hanyarku ku riƙa haɗa kuɗin mai ko ku yi shatar adaidaita ɗaya na wata, ka kuma rubuta takardar neman canjin wurin aiki zuwa makarantar da ke kusa da Tudun Wada, ka haɗa da takardar likita. Bayan wata biyu ko uku, in hannu ya warke, ka sake tuntuɓarta cikin ladabi. Allah ya ba ka lafiya, ka gaishe min da Inna.